Jirgin zuwa Ganvié daga Calavi: ku shiga, amma ku zaɓi ɗan rakiya

Ƴan uwa masu zuwa Kwatano sarin kaya ko ɗauko mota, don Allah ku riƙa ware rabin yini ku leƙa Ganvié, ƙauyen masuntan nan da ke tsakiyar tafkin Nokoué. Daga Kwatano za ka hau tasi ko zem (haka suke ce wa ɗan acaɓa) zuwa Abomey-Calavi, a bakin ruwa akwai ofishin tikiti, kuɗin a rubuce yake da sefa, ba ruwanka da ciniki. Wannan kam ya burge ni sosai.

Jirgi iri biyu ne, mai inji da kwale-kwalen hannu. Mai inji cikin kamar rabin awa ya kai ka, yana da rumfa, amma ƙarar injin ba ta barin ka ji abin da ɗan rakiya ke faɗa. Ni na hannun na fi so duk da rana tana dukan mutum, saboda a hankali kake ratsa akaja, wato rassan itace da masunta suke kakkafawa cikin laka su kewaye wuri kamar shingen gona, ganyen ya ruɓe ya zama abincin kifi, karfasa su taru a ciki su hayayyafa, in lokaci ya yi a zagaye da raga a kwashe. Kowane shinge da mai shi fa, har gadonsa ake yi. Na ga wani dattijo tsaye cikin ruwa har ƙirji yana gyara nasa, ɗansa ƙarami na riƙe masa kwale-kwale, wallahi yaron ko tangaɗi bai yi ba.

Ɗan rakiyarmu haifaffen garin ne, kuma nan ne kuɗina ya halatta. Shi ya ba mu tarihi cewa kakanninsu ƴan ƙabilar Tofinu sun shigo ruwan nan sama da shekara 300 da suka wuce, suna gudun mayaƙan tsohuwar masarautar Dahomey masu kama bayi su sayar wa Turawa, su kuma mayaƙan addininsu ya hana su bin mutum cikin ruwa, shi ke nan sai aka kafa turaku aka ɗora ɗakuna a kai. Ya kuma bayyana mana yadda tafkin yake: kogin Ouémé da na Sô ne ke zuba a ciki, sannan tun 1885 da aka haƙa mashigar Kwatano ya haɗu da teku, shi ya sa da rani ruwan gishiri-gishiri ne, da damina kuma ya koma na daɗi har kainuwa ta toshe hanya. Ruwan sha ma sai an tuƙa zuwa famfon burtsatse, za ka ga layin kwale-kwale cike da jarkoki. Tun 1996 garin yake cikin jerin wuraren da ke jiran UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta amince da su a matsayin wuraren tarihi na duniya.

To sai inda ban ji daɗi ba. Bayanin duk da Faransanci ne, in ba ka ji sai ka nemi mai Turanci tun a ofis, ko ka tafi da wani ɗan uwa daga unguwar Zongo ta Kwatano ya riƙa fassara maka. Sannan sun cika tsayar da mutum a shagunan tsaraba, lokacin da ya kamata a ce muna kasuwar kan ruwa inda mata ke sayar da tumatir da itacen girki daga jirgi zuwa jirgi. Rigar kariya ma sai da na tambaya aka ba ni, ku tambaya tun kafin a tashi musamman masu yara.

Batun hoto kuma a kiyaye, matan garin ba sa so, da ka ɗaga waya za su rufe fuska da faifan hularsu, kuma da gaskiyarsu, gidajensu ne. Akwai masallaci in azahar ta riske ka, akwai wurin cin soyayyen kifi da agidi da yaji mai zafi. Ku je da sassafe lokacin da masunta ke dawowa, ku kuma riƙe canjin sefa na ihisanin matuƙi don aikin tuƙin nan ba wasa ba ne.