Littafin sarki Akbar da ake biya a karanta, ga yadda na gan shi

Masu ta tambayata ko littafin nan na Akbar, sarkin daular Mughal ta Indiya, da matarsa gimbiyar masarautar Amer ya kai a biya masa kuɗi, eh ya kai, amma ku tsaya ku ji kafin ku tura ɗari biyar ɗinku.

Marubuciyar daga shirin Jodha Akbar ta ɗauko shi, wanda Zee TV ta nuna daga 2013 zuwa 2015, sai ta sake gina shi da Hausa yadda ranta ke so, tana sako mana kashi kashi a sati. Farkonsa wallahi ba a magana, da gani ka san ta zauna ta yi bincike, ta kawo ɗaurin auren 1562 a garin Sambhar, yadda Raja Bharmal, sarkin Amer, ya ba da 'yarsa don ya tsira da sarautarsa, ango kuma yaro ɗan shekara 19 da bai gama ƙwace mulki daga hannun waɗanda suka raine shi ba. Wurin da Adham Khan, ɗan mai rainon Akbar, ya kashe waziri Ataga Khan a fadar Agra, Akbar ya sa aka jeho shi daga saman bene har sau biyu, sannan ya je da kansa ya sanar da uwar Adham, Maham Anga, wadda ita ta raini Akbar, a nan sai da na ajiye wayar na share hawaye. Kuma duk ya faru a tarihi, ba ƙari ta yi ba.

Matsalar daga mu makaranta ta taso. Tunda Ruƙayya, uwargidan Akbar, ta shigo labarin aka rabu gida biyu, 'yan bayan uwargida da 'yan bayan amarya, kowacce da ciwon gidanta take karantawa, wata ta ce "ai haka mazan suke, sun samu sabuwa sun manta wadda ta sha wuya da su," wata ta ce a'a uwargidan ce baƙar zuciya gare ta, har aka kai ga gori da zagin iyaye a kan mutanen da suka rasu shekara 400 da suka wuce. 'Yan amarya sun fi yawa sun fi baki, ita kuma marubuciyar maimakon ta riƙe alƙalaminta sai ta bi su. Cikin 'yan kwanaki Ruƙayya ta koma mai bin bokaye, ana binne layu a ƙofar ɗaki, abin ya zama kamar rikicin kishiyoyin unguwarmu aka sa musu kayan sarauta. Wannan ya ƙona min rai sosai, don matar nan 'yar Hindal ce, baffan Akbar, tun suna yara aka aura masa ita, ba ta haihu ba amma ita aka bai wa riƙon jikansa Khurram, wanda ya zama sarki Shah Jahan. Mace irin wannan ta fi ƙarfin a mayar da ita muguwa don a faranta wa masu surutu. Soke jiziya da Akbar ya yi a 1564, abin da ya kamata ya cinye kashi guda, a layi biyu aka wuce shi.

Wani wajen kuma marubuciyar nake tausayawa. In ta yi jinkirin kwana ɗaya, ko rashin wuta ne ko yaro ba lafiya, sai a taso mata kamar ɗari biyar ɗin nan siyenta aka yi da ita, ga masu kwafe shafukan suna rabawa kyauta alhalin da yatsa take taifin a waya. Ku ji tsoron Allah, haƙƙi ne.

Hausarta mai daɗi ce, kuskuren rubutu kaɗan ne, kuma tana amsa saƙo in ka biya ba a sa ka ba. Ni dai zan ci gaba da bi har a kai haihuwar Salim, ɗan Akbar da gimbiyar, a 1569, in Ruƙayya ba ta dawo mutum ba a lokacin, kashi na biyu ba da kuɗina ba.