Shafin irishgenealogy.ie: aiki mai kyau a kyauta, amma daga 1864 ya fara

Duk mai bin salsalar dangi a ƙasar Ayilan, nan ya kamata ya fara sauka. Shafin na gwamnati ne, ba a biyan ko sisi. Rajistar haihuwa da aure da mutuwa ce a ciki, har da hoton shafin littafin da magatakarda ya cike da hannunsa. Akwai dai sharaɗi: haihuwa sai ta shekara 100, aure 75, mutuwa 50. Daga 1922 kuma gundumomi shida na Ayilan ta Arewa ba sa ciki, nasu yana Belfast.

Takardar aure ce ta fi tsoka. Layi guda zai ba ka sunan mahaifin ango da na amarya, sana'arsu, inda kowa yake zaune, da shaidu biyu, waɗanda sau da yawa 'yan'uwa ne. Ta haihuwa tana ɗauke da sunan gidan su uwa kafin aure. Ta mutuwa ce marowaciya, ba ta faɗin iyaye, shekarun mamaci kuwa ƙiyasin wanda ya kai rahoto ne kawai.

Inda mutane ke cin karo da bango shi ne 1864. A shekarar aka fara yi wa kowa rajista, in ban da auren waɗanda ba Katolika ba da ya fara tun 1845. Kakan da aka haifa a 1850 ba zai fito a rajistar haihuwa ba, ko da ka kwana kana nema. Sai ka koma littattafan cocin Katolika da Ɗakin Karatu na Ƙasa ya sa a intanet a 2015. Su ma kyauta ne, amma ba a neman suna a ciki, shafi-shafi ake bi, kuma da yawa da Latin aka rubuta: James ya zama Jacobus, William ya zama Gulielmus.

Ana yawan cewa komai ya ƙone a 1922. Ba haka ba ne. Gobarar 30 ga Yuni a ma'ajiyar takardun gwamnati da ke harabar kotuna ta Four Courts a Dablin, lokacin yaƙin basasa, ta cinye ƙidayar 1821 zuwa 1851 sai 'yan guntaye, da wasiyyoyi, da fiye da rabin littattafan cocin Angalika na Ayilan. Rajistar gwamnati da littattafan Katolika ba sa wurin, sun tsira. Ƙidayar 1861 zuwa 1891 kuwa hukuma ce ta lalata da hannunta. Ta 1901 da ta 1911 suna nan lafiya a shafin Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa. Don cike giɓin ana duba kundin kimanta filaye na Griffith na 1847 zuwa 1864, wanda yake bayar da sunan mai riƙe da gida ko gona da na wanda ya ba shi haya, amma ba ya faɗin sauran iyali.

Babban aibin shafin shi ne ba ya yi wa sabon shiga bayanin yadda aka raba ƙasar. Da yankin rajista ake nema, shi kuwa ba gunduma ba ne, ba iyakar coci ba ce, wani ma yakan tsallaka gundumomi biyu. Ka fara gano ƙaramin yankin (townland) da gidan yake, tunda irinsu sun haura 60,000, sannan ka nemo yankin rajistarsa. Sunan gida ma a gwada shi fuska-fuska: O'Brien, Brien, Bryan. Bridget kan koma Delia.

Wani giɓin kuma mutane ne suka haƙa shi. Za ka ga an yi wa jariri baftisma kafin ranar da rajista ta ce an haife shi. Iyaye ne suka makara, suka matso da ranar don gudun tara, saboda haka ranar coci ta fi kusa da gaskiya. Haka wanda ya ce shekararsa 55 a 1901 sai ya zama mai 72 a 1911, domin dokar fansho ta 1908 daga shekara 70 take biya. Idan suna da ƙauye da sana'a sun yi daidai, kada tazarar shekara biyar ko bakwai ta sa ka watsar da mutum.