Muhammad Ali ko Mike Tyson: wa zai kayar da wani?

Tyson na 1986, ɗan shekara 20 da ya gama da Trevor Berbick a turmi na biyu, abin tsoro ne. Gajere ne, yana sunkuyawa ya kutsa, naushinsa ba ya jiran na biyu. Irin wannan salon ne ya wahalar da Ali, domin Joe Frazier ya kai shi ƙasa da hagu a 1971.

Amma ni Ali na ba gaskiya. Yana da tsawon hannu, ga ƙafa, ga jure duka. A Kinshasa a 1974 ya jingina da igiya har George Foreman ya gaji, sannan ya kwantar da shi a turmi na takwas. Tyson kuwa, idan dambe ya yi nisa ƙarfinsa raguwa yake, kamar yadda Buster Douglas ya nuna a Tokyo a 1990.