Fulot ɗin tankin Marsandi 230E: ɗan Beljiyam ko sabo na kwali?

Wa alaikumus salam, Alhaji. Tsakanin tsohon fulot (na'urar cikin tanki da ke auna yawan mai) ɗan Beljiyam da sabo na kwali da ka tambaya a kan 230E ɗinka, ɗauki ɗan Beljiyam, matuƙar na kamfanin VDO mai yin na asali ne kuma ka gwada shi a gaban mai kayan kafin ka miƙa kuɗi.

Ni ma irinta nake hawa, Marsandi samfurin W123 ce ƙirar 1982 da na gada daga mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa. Da allurar manta ta kwanta, wani dattijon mai wayarin a Farin Gada, nan Jos, ne ya sa aka samo mana na asali daga jikin wata da aka yanka. Bai ɗaura ba sai da ya kwance ɗan goron da ke ƙasa, ya zare bututun alminiyon, ya kira ni in gani. A ciki akwai fulot da ke hawa da sauka a kan wasu wayoyi sirara kamar gashin kai, kuma su ne ke gaya wa allura inda mai ya tsaya. Ya jiƙa auduga da fetur ya share su a hankali, yana ta faɗa wa yaronsa kada ya kuskura ya sa hannu, don in ɗaya ta tsinke an gama. Danƙon tsohon mai ne kawai ya taru a kansu. Tun daga ranar allurar ba ta sake yi mini ƙarya ba, fitilar rizab ma tana kamawa a kan lokaci.

Abin da ya sa nake son wannan ƙirar a garinmu shi ne, mai yana shiga bututun ne ta 'yar ƙaramar huda, don haka fulot ɗin ba ya bin tangaɗin man da ke cikin tanki. Ka sauka Hawan Kibo da duk kwanoninsa, allura tana nan daram. Irin mai hannu da ƙwallo a baki kuwa, wanda wasu ke cewa ai za a yi maka dabara a ɗaura, da ka hau tudu zai ce rabi, ka gangaro ya ce kwata. Ban da wannan, kowane geji akwai adadin om (ma'aunin turjiyar lantarki) da aka yi shi da shi. Wasu na Turai daga 10 zuwa 180 suke, tsofaffin motocin kamfanin GM na Amurka 0 zuwa 90, wasu kuma 240 zuwa 33. In bai dace da agogon motarka ba, ko sabo ne fil ba zai faɗi gaskiya ba.

Sabo na kwali mai kama da na asali, na taɓa saye. Yana shiga ramin dai, iyakar yabon da zan yi masa ke nan.

Amma kafin ka tafi wurin masu kayan mota a Dilimi, a fara tabbatar da cewa fulot ɗin ne ya mutu. A salun ba sai an sauke tanki ba: yana tsaye ne a bayan kujerar baya, kuma in ka ɗaga akwatin kayan taimakon gaggawa da ke kan katakon bayan kujerar za ka ga kan fulot ɗin. A cire fulogin, a kunna makulli, a ɗan taɓa wayar geji da jikin mota. In allura ta tashi zuwa cike, agogo da waya lafiyarsu lau. Sau da yawa ma naka na ciki wanki kawai yake so. Wajen cirewa a sauke kan batir, a nemi soket mai lamba 46, a ɗago shi sannu a hankali man ciki ya tsiyaye, ban da sigari a kusa. Robar bakin kuma a sa sabuwa, in ba haka ba warin fetur zai cika maka mota.

Sai ka yi hattara da wasu masu kayan. Akwai mai goge mataccen fulot ya yi ƙyalli ya ce yanzu aka sauke shi daga kwantena, akwai mai sa jabu a kwalin asali, akwai kuma mai ba ka na wagon ko na babban tanki mai lita 80 alhali taka mai lita 65 ce, tsawonsu ba ɗaya ba ne. Ka tafi da naka tsohon a jera su, a duba lambar da ke kai. Sannan mai wayarinka ya sa mita, ya kifa fulot ɗin a hankali: ya kamata ka ji yana zamewa a ciki, lamba tana canjawa ba tsalle ba yankewa. Wanda ya ce ba a gwada kayansa, ko ba ya karɓa in an dawo da shi, ka wuce shago na gaba.