Kafin ku ce in aiko muku da laftof daga Jamus

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki. Ina fata kowa yana lafiya, da iyali da harkoki. Saƙonnin da ke shigo mini kwanakin nan kusan duk maganarsu ɗaya ce: an ji kwamfutocin hannu sun yi araha a Turai, don Allah a nemo wa wane guda ɗaya. Labarin gaskiya ne, sai dai arahar tana da dalili, kuma gara ku san dalilin kafin kuɗi ya bar aljihu.

Ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina aika wa Windows 10 gyaran tsaro na yau da kullum. Kwamfutar ba ta mutu ba, tana kunnuwa tana aiki, amma duk ɓarakar da ɓarayin intanet suka gano daga baya ba mai toshe ta. Wadda ta gaje ta, wato Windows 11 da ta fito a 2021, ba kowace kwamfuta take karɓa ba. Tana son wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, sannan furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ya zama Intel zubi na 8 zuwa sama, ko AMD Ryzen 3000 zuwa sama in laftof ce. Manyan kamfanoni a nan galibi hayar kwamfuta suke yi na shekara uku ko huɗu, in wa'adi ya cika su mayar, masu sabuntawa su wanke su sayar. Da wannan wa'adi ya zo sai aka zubo tsofaffin laftof irin su ThinkPad da Latitude da EliteBook a kasuwa lokaci guda. Jikinsu garau, wasu ko ƙwarzane babu, amma da yawansu zubi na 6 ne ko na 7.

Gane su ba wuya. Ku dubi lambar da ke bayan ɗan layin nan a sunan furosesa. In an rubuta i5-7200U, zubi na 7 ne, Windows 11 ba ta amince da shi ba. In i5-8250U ne, ya tsallake. Kada wani ya ruɗe ku da cewa "ai Core i7 ce", domin tsohuwar i7 ta 2016 tana bayan i5 ta 2019 a wannan magana. Kuma ganin Windows 11 a fuskar kwamfuta ba hujja ba ce. Akwai dabarar da ake bi a tura ta da ƙarfi a kan na'urar da ba ta cancanta ba, masu sayarwa sun iya ta sarai, shi kuwa Microsoft ya faɗa ƙarara cewa bai yi wa irin waɗannan alkawarin sabuntawa ba.

An ba masu Windows 10 damar samun ƙarin shekara ɗaya na gyaran tsaro, zuwa 13 ga Oktoba 2026. A wasu sassan duniya ko ka biya dala 30 ko ka yarda a ɗora saitunanka a rumbun kamfanin na intanet. A ƙasashen Tarayyar Turai ƙungiyoyin kare masu saye suka tada jijiyar wuya har aka janye wannan sharaɗi, ya rage kawai ka shiga da asusunka na Microsoft. Na daɗe ina lura da haka a nan: kayan da ake sayar wa Bajamushe ba su fi na kowa ba, yawanci ma masana'anta ɗaya ce ta ƙera su a China. Abin da ya fi mu da shi doka ce da ke tsaye a bayansa.

To me ake yi da waɗanda Windows 11 ta ƙi? Nan ne musu yake, kuma ban taɓa ganin abin da ke raba abokan aiki a teburin shayi kamarsa ba. Masu Windows suna cewa kowace firinta da kowace manhajar ofis su ta sani, me zai kai mutum wahala. Masu Mac, wato kwamfutar kamfanin Apple, ba sa ma shiga gardamar, sai dai su yi murmushi su nuna batirinsu da ke kai su dare. Masu Linux kuwa, wato manhajar da ake ɗorawa a madadin Windows, wa'azi suke yi, in ka ba su fuska sai ka makara aiki.

Akwai wani taro da ake yi a unguwanni da yawa mai suna Repair Café, wanda aka faro a Amsterdam a 2009. Masu sa kai ne ke zama ranar hutu, kowa ya kawo abin da ya lalace masa a duba kyauta, in ka ga dama ka jefa wani abu a gwangwani. A wanda nake leƙawa na ga wata dattijuwa ta zo da laftof a jakar cefane, ta ce saƙo ya dame ta wai kwamfutarta ta tsufa. Mai gyaran, wani tsohon injiniya da ya yi ritaya, bai goge mata komai ba. Ya zaro filashi mai ɗauke da Linux Mint, wani nau'in Linux, ya soka, ya tada kwamfutar daga kansa, ya ce ta gwada. Suka haɗa Wi-Fi ya kama. Suka kunna bidiyo sauti ya fito. Ya buɗe kyamara ta ga fuskarta ta yi dariya. Sannan ya tambaye ta sunan firintarta, ya duba ko tana cikin waɗanda ke aiki, ya kuma tambaya ko akwai wata manhaja da ba za ta iya rabuwa da ita ba. Ta ce wasiƙa ce kawai da hotunan jikoki da harkar banki. Sai a lokacin ya ce ta je ta kwafe hotunanta, ta dawo zama na gaba a ɗora mata. Wannan gwaji na kan filashi shi ne abin da ya fi burge ni da Linux, domin kafin ka taɓa abin da ke cikin kwamfutar ka riga ka san ko za su shirya.

Ba koyaushe suke shiryawa ba. Wasu katunan Wi-Fi na Broadcom sai an nemo musu direba da hannu, wato 'yar manhajar da ke sa su aiki, katin hoto na Nvidia yakan ba da ciwon kai, na'urar karanta zanen yatsa sau da yawa ba ta motsi. Photoshop da AutoCAD ba su da na Linux. Wanda abincinsa ke kan waɗannan, kada mai wa'azi ya ja shi. Amma ɗalibin da rubutu da bincike da kallon darasi ne aikinsa, tsohuwar ThinkPad da Mint ko ɗan'uwansa Ubuntu za ta kai shi ƙarshen karatu, kuma ni a ganina ta fi sabuwar laftof mai arha da aka yi da roba. Su kansu hukumomin Jamus ba su gama wannan musu ba. Birnin Munich ya mayar da kwamfutoci kusan 15,000 kan Linux, aikin ya kammala a 2013, sai ga majalisar birnin a 2017 ta kaɗa ƙuri'ar komawa Windows. Jihar Schleswig-Holstein da ke arewa kuma a 2024 ta sanar cewa za ta kwashe kwamfutoci kusan 30,000 daga kayan Microsoft zuwa manhajar ofis ta LibreOffice da Linux.

Masu son Mac su san abu biyu. Tun 2020 da Apple ya koma furosesa na kansa, M1 da ƙannensa, ba a iya raba kwamfutar biyu a ɗora Windows ta hanyar Boot Camp kamar da. RAM da ma'ajiya kuma a liƙe suke, abin da ka saya da shi za ka zauna. Na biyu ya fi muni: Mac ko iPhone da mai shi na farko bai cire asusunsa na iCloud ba, ya zama kwalliyar tebur. Haka kwamfutar kamfani da aka manta ba a cire ta daga rajista ba, da ta ji intanet sai ta nemi sunan ma'aikacin wani kamfani a Frankfurt, ko kuma a bar kalmar sirri a BIOS, wato saitin da ke fara tashi kafin Windows. Akwai kuma sababbin laftof masu furosesa Snapdragon X, samfurin ARM, da suka fito a 2024. Windows ce a ciki, batirinsu ba laifi, amma tsohuwar firinta ko sikana da ba a yi mata direban ARM ba tana iya ƙin kulawa.

Yanzu ga abin da ba wanda ke tambaya sai kaya ya iso hannu: kibod. Na Jamus ya musanya wurin Y da Z, ya cusa ä da ö da ü da ß, alamar @ kuma tana kan Q. In ka saita kwamfutar a tsarin Ingilishi alhali rubutun madannan na Jamusanci ne, ka danna abin da ido ya nuna maka, "ya zo" sai ya fito "za yo". Ga mai rubuta Hausa, da ba ya jimla biyu babu ya da za, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Na Faransa ya musanya A da Q, ya musanya Z da W, lambobi ma sai ka haɗa da Shift, kodayake 'yan uwa na Nijar sun saba da shi. Masu sabuntawa sukan liƙa sitika a kan madannai, wata shida ta fara ɓarewa. Na Holand yawanci tsarin Amurka suke bi, shi ya sa nakan leƙa can. Haruffanmu masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, ba matsala ba ne, domin Windows da Linux duk suna da tsarin Hausa a ciki, kunnawa kawai ake yi.

Wuta kuma. Cajar laftof da ta waya kusan duk an rubuta musu 100 zuwa 240V, ko'ina za su ci, kan filogin kawai za a canja, don na nan mai ƙafa biyu ne zagayayyu. Firintar leza daga Amurka ko Kanada ita ce abin tsoro, domin an yi ta ne don 120V, in ta sha 230V sai hayaƙi. Firinta mai tawada tana da nata tarkon: HP yana raba duniya yanki-yanki, kwalbar da ake kira 61 a Amurka ita ce 301 a Yammacin Turai, ita ce 122 a Afirka da Gabas ta Tsakiya. Sura ɗaya, za ta shiga ramin daram, amma firintar ta ce ba ta san ta ba. Ni dai ba na aika firinta.

Waya ma haka. Daga iPhone 14 na 2022, waɗanda ake sayarwa a Amurka ba su da ramin layi, eSIM kawai, wato layin da ake saukewa a cikin waya ba tare da kati ba. Yawancin na Turai suna ɗaukar katin layi ɗaya, na China biyu. Da yawan wayoyin Amurka kuma a ɗaure suke da kamfanin layin da ya sayar da su bashi. Abu ɗaya da ya yi sauƙi shi ne caja: tun 28 ga Disamba 2024 doka ta tilasta USB-C ga duk sabuwar waya a Tarayyar Turai, laftof kuma wa'adinsu 28 ga Afrilu 2026. Apple bai jira ba, ya sauya tun iPhone 15.

Na ce doka ce ke bayan mai saye a nan. In ka sayi abu ta intanet kana da kwana 14 ka mayar ba tare da ka faɗi dalili ba. Sabon kaya mai shago ne ke da alhakin lahaninsa har shekara biyu, na hannu kuma yana iya rage wa zuwa ɗaya amma ba ƙasa da haka ba, muddin ɗan kasuwa ne ya sayar. Wanda ya sayar daga ɗakinsa yakan rubuta cewa ba garanti ba mayarwa, kuma doka ta ba shi dama. Tun 20 ga Yuni 2025 kuma sababbin wayoyi dole a tanadi kayan gyaransu na shekara bakwai bayan an daina sayar da samfurin, da sabunta manhaja na aƙalla shekara biyar. Sai dai duk wannan gata ba ya shiga akwati ya bi kaya. Haƙƙin yana tsakanin mai shago da wanda sunansa ke kan rasit. Laftof ta lalace a hannunka wata na uku, sai an nemi matafiyi ya dawo da ita, in kai, a jira, a sake neman wani matafiyin.

Gyara kuwa, gaskiya masu gyaranmu na gida sun fi. Kuɗin aikin hannu a nan yana da tsada ƙwarai, har duba lalura ma biya ake yi. Na taɓa kai wa wani shago laftof da ramin cajarta ya saki. Saurayin ya juya ta, ya ce sai dai a canja allon ciki gaba ɗaya, kuɗin da ya ambata ya kusa na wata ta hannu, ya ƙara da cewa shi da zai ba ni shawara in sayi sabuwa. Aikin da mai gyara a gida zai yi da ƙarfen dalma da madubin ido kafin ka gama gaisawa da maƙwabcinsa. Intanet ɗin gida ma kada ku zaci aljanna ce: kwangilar wata 24 ce a al'ada, gidaje da yawa har yau ta tsohuwar wayar tagulla yake shigowa, kuma akwai ofisoshi da asibitocin likitoci da har gobe faks suke so.

Saboda haka duk mai son in nemo masa, ya rubuto mini aikin da zai yi da ita da sunan manhajojin da ba ya iya bari, da sunan firintar da ke gidansa in akwai, ya kuma faɗa mini ko zai iya zama da kibod na Jamus. Zan turo hoton lambar furosesa da na lafiyar batir kafin in biya, don tsofaffin nan batir ne ke fara gajiya. Wanda zai ɗauko kuma ya sani, batirin da aka cire ko fawa-banki ba ya shiga babban akwati a jirgi, sai jakar hannu, kuma in ya haura 100Wh sai da izinin kamfanin jirgin. A gaida mutanen gida.