Wane abin busa ya dace ka saya kafin ka shiga makaɗan wasanni na jami'a a Amurka?

A manyan jami'o'in Amurka da wuya a buga ƙwallon kwando a gida ba ka ga tawagar ɗalibai a wata kusurwa da ƙahoni da ganguna ba. Su ake kira pep band. Ba sa fareti a tsakiyar fili kamar 'yan badujalar ƙwallon Amurka. A kan benci suke tsayawa cikin 'yan kallo, da koci ya nemi a tsayar da wasa sai su ɓarke da taken makaranta, alƙali na hura usur su yi tsit, domin dokar NCAA, ƙungiyar da ke kula da wasannin jami'o'in Amurka, ta hana kiɗa muddin ƙwallo na yawo. Wanda ya san magoya bayan Super Eagles da ƙahoninsu ya san yanayin, sai dai namu ba sa jiran a tsayar da wasa.

Wurin da za ka yi busar shi ya kamata ya zaɓa maka kaya. Akwai cunkoso, bencin ƙarfe ne ko siminti, ƙwallo kan faɗo cikin makaɗa, za a cusa akwatinka a ƙarƙashin bas, ranar wasan hoki na kan ƙanƙara kuma a gefen ƙanƙara za ka tsaya. Ana son abu mai amo, mai jure wahala, wanda in ya lotse ba zai hana ka barci ba.

Kafin ka kashe ko dala ɗaya, rubuta wa shugaban makaɗan. Yawancin jami'o'i suna da nasu manyan kaya da suke ba ɗalibai aro: ganguna, melofon (ƙaho mai kama da turampet amma ya fi shi girma), da susafon, wato ƙaton ƙahon nan da ake ratayawa a kafaɗa, wanda na tagullarsa ya haura kilo 10. In ɗayansu ne naka, ka huta da sayayya. Ka kuma tambaye shi ɓangaren da ake ƙarancin mutane, saboda a gasar NCAA ta watan Maris makaɗa wajen 30 kawai ake bari kowace makaranta ta kawo, kuma mai busa abin da ba a cika samu ba ya fi saurin samun kujera.

Turampet ne aka fi saye, nan kuma aka fi ɓarnar kuɗi. Hawa uku ne a kasuwa. A ƙasa akwai masu ƙyalli marasa sanannen suna da ake tallarsu a intanet kan dala ɗari da 'yan kai. A tsakiya akwai na ɗalibai daga kamfanonin da aka sani, irin su Yamaha YTR-2330, Bach TR300 da Jupiter JTR700. A sama akwai Bach Stradivarius da ake ƙerawa a Elkhart ta jihar Indiana, wanda sabonsa ya wuce dala 3,000. Na ƙasan ya fi kowanne tsada a ƙarshe: bawul ɗinsa, wato maɓallan da ake dannawa da yatsu, kan fara maƙalewa, ƙarfen laushi gare shi, masu gyara da dama kuma ba sa karɓarsa don babu kayan canji. Na saman kuwa daɗin muryarsa sai a zauren da mutane ke zaune shiru. Cikin ihun dubban 'yan kallo babu kunnen da zai bambance shi da na ɗalibai. In kana da shi, bar shi a ɗaki. Ni na tsakiyar nake ba kowa shawara, kuma na hannu.

Dalilin na hannun shi ne yara a Amurka kan fara koyon busa tun aji biyar ko shida, da yawa su watsar bayan shekara biyu, kayan su kwanta a kabad. Shi ya sa kasuwannin intanet irin su Reverb, eBay da Facebook Marketplace suke cike da su, sau da yawa ƙasa da rabin kuɗin sabo. Saboda haka kada ka wahalar da kanka ka ɗauko wani daga gida, can za ka fi samun zaɓi. Idan ka je gani, danna bawul ɗin nan uku ɗaya bayan ɗaya, ka ga ko suna dawowa da kansu ba jinkiri. Ja kowane bututun saiti, wanda ya ƙi motsi sai an kai wa mai gyara. Duba bututun da ke bin bakin busa, in ka ga ɗigo-ɗigo ja ko ruwan hoda, tagullar ta fara ruɓewa daga ciki, wannan ba ya warkewa. Lotsewa a faffaɗan bakin gaba ba komai ba ce, ka yi ciniki da ita kawai. Lotsewa a jikin gidan bawul kuwa, gaishe da mai kaya ka kama hanya.

Turombon kuma rayuwarsa duk tana ga sandar da ake ja da turawa. In tana sulɓi ba gargada, sauran mai sauƙi ne. Masu siririn bututu, kamar Yamaha YSL-354 mai faɗin inci 0.500 ko King 3B, sun fi kaifin murya da rashin nauyi a kan manyan irin Conn 88H mai inci 0.547, wanda aka yi domin zauren kiɗa. Akwai kuma pBone na roba, nauyinsa bai kai kilo ɗaya ba, yana zuwa da launuka, har mutum ya dace da kalar makarantarsa. Ba ya lotsewa, ba ya yin sanyi a hannu, kuɗinsa kaɗan ne. Amma amonsa bai kai na tagulla ba, sandarsa kan yi kaushi da farko, wasu shugabannin makaɗa kuma ba sa yarda da shi. A matsayin turombon na biyu yana da kyau, ban yarda ya zama shi kaɗai gare ka ba.

Mai saksofon ya nemi tsohon Yamaha YAS-23, masu gyara sun san shi ciki da bai. Mai kilarinet ya ɗauki na roba irin YCL-255. Na katako, kamar Buffet R13, da baƙin icen da ake sarowa a Tanzaniya da Mozambik ake yin sa, kuma ɗumin numfashi a ciki da sanyi a waje kan tsaga shi. Gaskiya dai da ƙyar ake jin kilarinet a irin wannan hayaniya, shi ya sa wasu ke komawa saksofon.

Haya fa? Shaguna irin su Music & Arts suna bayarwa wata-wata, kuɗin yana taruwa har kayan ya zama naka. Ta dace da wanda zai gwada zango ɗaya ya gani. In shekara huɗu za ka yi, jimillar za ta zarce kuɗin na hannu nesa ba kusa ba.

Ka ware ɗan canji domin ƙananan kaya: man bawul, ɗan maƙalin da ke riƙe takardun kiɗa a jikin ƙaho, da bakin busa na roba irin na Kelly, wanda ba ya daskarar da leɓe ranar hoki. Sai abin toshe kunne na makaɗa, irin Etymotic ER20, mai rage ƙara da kimanin desibel 20 (ma'aunin ƙarfin ƙara) ba tare da ya dusashe kiɗan ba. Hukumar NIOSH ta Amurka mai binciken lafiyar ma'aikata ta ba da shawarar kada mutum ya wuce awa 8 a rana cikin ƙara mai desibel 85, a desibel 100 kuwa minti 15 kacal, kai kuma wasa guda zai ɗauke ka wajen awa biyu, ga ganguna a gefe, ga turampet a ƙeyarka.