Sharhi: Mun cire hitocin ɗakuna mun koma ruwan zafin sola a masaukinmu na Jos

Masaukin da nake kula da shi tsohon gini ne tun zamanin mahaifinmu, ɗaki 18, sama da ƙasa. Duk wanda ya san Jos ya san baƙo zai yafe maka rashin AC, amma ba zai yafe maka ruwan sanyi da asuba ba. Garin yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, a Disamba da Janairu sanyi har ƙashi yake shiga. Shi ya sa kowane banɗaki da hitarsa ta ɗumama ruwa mai cin wat 1,500. In aka kunna su duka kilowat 27 ke nan, ban da firji da fitilu, kuma baƙo ba ya kashewa in zai fita.

Da hukumar NERC mai kula da harkar wutar lantarki ta ɗaga kuɗin wutar Band A, wato rukunin masu samun wuta mafi tsawon lokaci a rana, wanda muke ciki, a Afrilun 2024, daga ƙasa da naira 70 zuwa naira 225 kowane yunit, sai abin ya fi ƙarfinmu. Ga dizal ma ba sauƙi. Muka kira wani ƙaramin kamfanin masu aikin sola, kuma ga yadda na same su bayan mun ga damina da hunturu da aikinsu.

Abin da ya fara burge ni, injiniyan bai zo da takardar farashi ba, da na'urar awo ya zo. Ya maƙala ta a babban akwatin wuta, ya bar ta mako guda. Sakamakon ya nuna hitocin sun fi cin wuta daga hantsi zuwa la'asar, lokacin da ɗakuna babu kowa. Uku daga cikinsu ma na'urar da ke yanke wuta in ruwa ya yi zafi ta mutu tuntuni, dafa ruwa kawai suke yi dare da rana. Da ya kwance ɗaya ya nuna mini ƙarfen da ke ɗumama ruwan, farin dattin ruwan rijiya ya lulluɓe shi kamar ƙanzo. Ya ce, "Alhaji, wannan sai ya ratsa dattin nan kafin ya taɓa ruwa, kuma kai kake biya."

Sun ɗora tankuna a rufi masu bututun gilashi da ke kama zafin rana, suka naɗe duk bututun ruwan zafi da soso mai riƙe ɗumi. Kowane tanki yana da hitar ko-ta-kwana a ciki, wadda wani ɗan akwati mai agogo ke sarrafawa: ba ta kunnuwa sai da ƙarfe huɗu na asuba, shi ma sai in zafin ruwan bai kai digiri 60 ba. Injiniyan ya hana mu rage wannan lamba, domin ruwan da ya kwanta da ɗumi-ɗumi ƙwayoyin cuta na hayayyafa a cikinsa. A ɗakuna kuma suka sa makunni mai kati, in baƙo ya zare katinsa wuta ta ɗauke.

Ra'ayina, ɗan akwatin nan da soson da katin su ne suka fi biyan kuɗinsu, duk da su ne mafi arha a cikin aikin. Tankunan ne ake hangowa daga titi ana yabawa, amma ɓarnar da ke cinye mu a rashin kashewa take. Mai ginin da kuɗinsa bai kai ba, ya fara da waɗannan ukun.

Akwai inda ban ji daɗi ba. Ɗakunan ƙarshe na ƙasa sai an buɗe famfo an jira kafin ruwan zafi ya iso, ruwa yana ta zuba a banza. Ƙaramin injin da ke zagaya ruwa a bututu shi ne maganin, kuma ya kamata su faɗa tun farko, ba sai baƙi sun yi ƙorafi a zo da sabon lissafi ba. Sun kuma ce damina ba matsala, alhali a Yuli da Agusta hadari kan wuni a Jos, hitar ko-ta-kwana ke ɗauke nauyin, kuɗin wuta ya ɗan hau. Da hunturu rana tana nan, sai dai ƙura, dole yaro ya hau ya goge gilasan a kai a kai.

Duk da haka kuɗin wutarmu ya sauka sosai, janareta ya daina shaƙewa da asuba. Zan sake ba su aiki, da sharaɗin su rubuta injin zagaya ruwan a takarda, su kuma zauna su koya wa ma'aikata biyu yadda ake saita agogon kafin in biya cikon kuɗi.